Wa Ke Kiran Wa? Lacca Kan Laburare da Firamwok Ga Masu Fara Koyon Rubuta Manhaja

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Tambayar da ta fi yawa a takardun da kuka miƙo ita ce bambancin laburare da firamwok. Ku riƙe wannan: laburare kai ke kiransa, firamwok kuwa shi ke kiranka.

Mu fara da laburare. Kod ne da wani ya riga ya rubuta don wani aiki takamaimai, ka ɗauko lokacin da ka ga dama. A 2006 John Resig ya fitar da jQuery, laburare na JavaScript, yaren da burauza ke aiki da shi, lokacin da kowace burauza ke da nata hali, abin da ya yi aiki a Firefox sai ya ƙi a Internet Explorer. Da jQuery sai ka rubuta $("#sako").hide(), saƙon ya ɓace a ko'ina. Kai ka ce a yi, aka yi. Tamkar ka ɗauki shatar adaidaita ne, kai ke faɗin inda za a bi. Firamwok kuwa jirgin ƙasa ne, layinsa a shimfiɗe, lokacinsa a tsare.

Ku dubi Django, firamwok na gina shafukan intanet da yaren Python, wanda aka haifa a ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka, aka sake shi ga jama'a a 2005. 'Yan jarida ba sa jira, shi ya sa ya zo da kayansa a haɗe. Za ka rubuta aikinka a fayil ɗin views.py, ka je urls.py ka ce idan an nemi adireshi kaza, ga wanda zai amsa. Shi ke nan. Duba kod ɗinka daga sama har ƙasa, babu inda ka kira aikin nan da kanka. Sai baƙo ya buɗe shafin, Django ya karɓi buƙatarsa, ya nemo aikinka ya kira shi. Yana kuma tsare maka ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, irin cusa umarnin SQL, yaren magana da rumbun bayanai, ta cikin fom, abin da sabon shiga bai ma san yana nan ba.

React fa, wanda ake gina fuskar shafi da shi a JavaScript? Facebook suka sake shi a 2013, masu shi kuma laburare suke ce masa, ko da yake shi ke kiran guntayen da ka rubuta. Wannan gardama ku bar wa manya.

Malama ta tambaya ko a tsallake JavaScript a faɗa React kai tsaye. A'a, ranki ya daɗe, ban ba da wannan shawara ba. Ranar da jan rubutu ya cika allo, wanda bai iya yaren ba ba zai gane laifin nasa ne ko na React ba.

Kuma a rage kwashe-kwashe. A Maris 2016 wani ya cire ɗan laburarensa mai suna left-pad daga npm, rumbun da masu JavaScript ke ɗauko laburare, layi 11 kacal, sai ga manyan ayyuka irin su Babel sun ƙi sauka a kwamfutocin mutane.

Mako mai zuwa kowa ya zo da Python a kwamfutarsa, a caje, don ba ni da tabbas a kan wuta.