Me Ya Sa Amoxicillin Ba Ya Taɓa Mura?

Hunturu ya kankama, ƙorafin kuma iri ɗaya ne ko'ina: mutum ya shanye katin amoxicillin guda, hanci na ta zuba, sai ya ce jabu mai kemis ya ba shi. To, wataƙila maganin lafiyarsa ƙalau. Inda aka aike shi ne babu abin da zai kama.

[Fatar albasa a ƙarƙashin madubin likita]

Wannan fatar albasa ce. Kowane ɗan ɗakin nan da kuke gani ƙwayar halitta ce guda, wato sel. Robert Hooke ya ga irinsu a Ingila a 1665, a jikin yankakken ɓawon itace. A 1855 likitan Jamus Rudolf Virchow ya jaddada cewa sel ba ta fitowa sai daga wata sel. Jikin baligi yana ɗauke da kimanin tiriliyan 30. Kada ku ce za ku ƙirga, ku dai yarda da ni.

Abin da aka sa mu haddacewa a aji ɗaya na sakandare, cewa mai rai yana ci, yana numfashi, yana girma, yana hayayyafa, yana fitar da ƙazanta, yana motsi, yana jin abin da ke kewaye da shi, duk a cikin sel ake yin sa. Ku riƙe wannan, mu wuce.

[Bakteriya tana rabuwa gida biyu]

Ga bakteriya. Sel ce guda tilo, amma cikakkiya. Tana cin abincinta, tana samar wa kanta ƙarfi, tana da 'yan injinan da ake kira ribosom masu ƙera mata furotin. Idan ta samu ɗumi da abinci, irin su E. coli kan rabu biyu cikin minti 20. Ba ta jiran kowa.

Yanzu a nutsu, don nan ne wurin da ake ɓata.

Ku ɗauki bakteriya a matsayin gida mai katanga. Ruwa kullum yana kutsawa cikinta, yana tura ta ta kumbura, katangar nan ce kaɗai ke hana ta fashewa. Kuma duk lokacin da za ta girma ko ta rabu, dole ta ɓalle wani sashe na katangar ta sake ginawa. Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, da ɗan'uwansa amoxicillin, abin da suke yi shi ne su riƙe hannun maginin. Ana ɓallewa, ba a liƙewa. Ku kalli allon… ga ta nan, ta fashe.

Ku kuma me ya sa ba ku fashe ba da kuka sha? Saboda sel ɗin ɗan Adam ba ta da wannan katanga, 'yar fata ce mai laushi kawai ta lulluɓe ta. Shi kuwa tetracycline, kafson nan mai ja da rawaya da kowa ya sani, ribosom ɗin bakteriya yake toshewa, wanda ƙirarsa ta sha bamban da namu. Dabarar ke nan: a nemo abin da bakteriya ke da shi, mu ba mu da irinsa, a buga a nan.

[Bairos kusa da bakteriya, don a ga bambancin girma]

To ga mai kawo mura. Ku matso da ido, don ɗigon nan ne. Bairos ɗin da ya fi yawan haddasa mura faɗinsa kamar nanomita 30 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), alhali bakteriya tana kai nanomita 1,000 zuwa 2,000. Amma ba ƙanƙantar ce ta fi muhimmanci ba. Bairos ba sel ba ne sam. Ɗan zaren bayanan gado ne a cikin kwanson furotin, shi ke nan. Babu katanga, babu ribosom, ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya girma. Idan ya faɗa kan marfin ƙofa, haka zai zauna ba ya komai har ya lalace, ko wani ya taɓa ya kai hannu hanci.

Da ya shiga hanci sai ya maƙale a jikin sel ɗinku, ya zuba bayanansa a ciki, ribosom ɗinku su kama ƙera masa 'ya'ya ba tare da sun san an canja musu aiki ba. To amoxicillin ya iso. Wace katanga zai rushe? Tetracycline ya iso. Wane ribosom zai toshe, tunda naku ne ake aiki da su?

Na san abin da wani zai ce: ai ni na sha, kuma na warke. Gaskiya ne, ka warke. Mura takan tafi da kanta cikin kwana 7 zuwa 10, garkuwar jikinka ce ta yi aikin, kafso ya karɓi godiya.

Shin bairos mai rai ne? Masana har gobe suna jayayya. Ni dai a ganina abin da ba ya ci, ba ya girma, kuma ba ya iya haihuwa sai da kayan wani, da wuya in kira shi mai rai. Wani malamin zai ce tunda yana hayayyafa yana kuma sauyawa, a bar shi a bakin ƙofa. Ba zan yi faɗa da shi ba.

Af, kafin wani ya tambaya: ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba ta cikin biyun nan. Sel ce mai cibiya, wato ɗan ɗakin da ke tsare bayanan gadonta, ta fi kama da tamu, shi ya sa maganinta daban.

Katin da aka shanye saboda mura kuwa bai tafi a banza ba, ya yi aiki, sai dai a hanji. Ya karkashe bakteriya masu rauni, har da masu taimaka wa narkewar abinci, ya bar masu taurin kai su yaɗu. Tun a 1945, lokacin da ya karɓi kyautar Nobel, Fleming ya yi gargaɗin cewa shan penisilin ba bisa ƙa'ida ba zai sa bakteriya su daina jin sa. Idan mura ta zarce kwana 10, ko zazzaɓi ya tsananta, ko numfashi ya fara wuya, yana yiwuwa bakteriya ta biyo baya ta sauka a huhu. Wannan kam likita ne zai duba ya rubuta, kuma a ranar kuna son maganin ya ci.