Sayen gidan haya a wata jiha ba tare da ka je ba: ga lissafin da dillali ba ya nuna maka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga nan Bronx ta birnin Niyok a Amurka nake yi muku magana, kuma yau kan gidan haya za mu zauna, irin wanda kamfani ke saye a matsayin tsohon gida, ya gyara, ya sa ɗan haya a ciki, sannan ya sayar maka. A nan suna ce masa tan-ki, ni kuwa gidan karɓi-makulli nake kiransa. Wanda ke zaune a Niyok ko Maryland ya san gida a unguwarsa ya fi ƙarfin aljihunsa, shi ya sa ido ke komawa garuruwa irin su Memphis a Tennessee, Cleveland a Ohio, Indianapolis a Indiana da Birmingham ta Alabama, inda farashin gida yake ƙasa sosai idan aka gwada da kuɗin hayarsa.

Sana'a ce mai kyau in an yi ta da ido biyu. Amma wanda ya gyara gidan shi ne mai sayarwa, shi ya zaɓi ɗan haya, shi ya rubuta lissafin riba, sau da yawa kuma shi ne zai riƙe maka gidan bayan ka saya. Idan ka dogara da takardarsa kaɗai, kifi ka saya a cikin ruwa.

Ku dubi allon nan, misali ne na tsara don mu yi lissafi tare. Gida mai ɗaki uku a Indianapolis, dala 130,000, haya dala 1,250 a wata. Gidan da ba kai za ka zauna ba, masu ba da kuɗi kan nemi kafin alƙalami na kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, kuma su so ganin ajiyar biyan kamar wata shida a asusunka. Mu ɗauki kashi 25, wato dala 32,500, ban da kuɗin rufe ciniki. Sauran dala 97,500 a shekara 30, mu ce biyan wata dala 650. Takardar mai sayarwa za ta cire haraji 110, inshora 90, mai kula da gida 100, sai ta ce maka dala 300 ribarka ce duk wata. Da kyau a ido.

To mu sake bi. Jihar Indiana ta sa wa harajin gida iyaka: kashi 1 na darajar gidan idan mai shi ne ke zaune a ciki, kashi 2 idan na haya ne. Wancan 110 ɗin harajin tsohon mai gida ne, wanda yake zaune a gidansa. Naka zai iya kaiwa dala 2,600 a shekara, wato 217 a wata. Riba ta sauko 193. Ɗan haya ba ya zama har abada; ka ware wata ɗaya a shekara da gidan zai zauna babu kowa, 104 ke nan a wata, saura 89. Sai gyara: famfo da ke ɗiga yau, tukunyar ruwan zafi da kan yi shekara 8 zuwa 12 ta mutu, rufin da kan nemi sauyi bayan shekara 20 da 'yan kai. Ka ware kashi 10 na haya, 125. Yanzu kai ne ke ciko da dala 36 daga albashinka kowane wata. Wannan gidan dai, da a dala 110,000 aka saye shi, da zai bar maka kusan 100 a wata. Kun ga ashe a ranar saye ake cin riba ko a faɗi. Akwai ma'aunin gaggawa da masu harkar ke amfani da shi, cewa hayar wata ta kai kashi 1 na kuɗin gida, amma na tankaɗe ne kawai, ba ya maye gurbin wannan lissafin.

Harajin gaskiya yana shafin ma'aikatar haraji ta ƙaramar hukumar da gidan yake, kyauta ne, adireshi kawai za ka sa. A nan kuma kake ganin nawa kamfanin ya sayi gidan da yaushe. Hayar gaskiya kuwa, ka duba gidaje uku ko huɗu masu girma ɗaya a titunan da ke kewaye a Zillow, shafin intanet na tallar gidaje, sannan ka nemi kwafin yarjejeniyar haya da tarihin biyan ɗan hayar da ke ciki. Akan cusa mutum cikin gaggawa da haya mai tsada don takarda ta yi kyau, bayan wata uku ya kasa biya, ka gaji shari'ar fitar da shi.

Ga 'yan'uwa masu guje wa kuɗin ruwa, akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF da ke yin tsarin haɗin gwiwa na musharaka. Ka tambaye su tun farko ko suna yi wa gidan haya a jihar da ka zaɓa, da kashi nawa za ka fara ajiyewa, don kada ka sa hannu a ciniki sannan ka shiga neman kuɗi.

Yanzu mai binciken gida. Kai za ka nemo shi, kai za ka biya shi, ba wanda mai sayarwa ya miƙo maka ba, kuma ka sa a yarjejeniya cewa kana da damar janyewa idan rahoto bai yi maka ba. 'Yan ɗaruruwan daloli ne. Ka ƙara masa ya zura kyamara a bututun ƙazanta daga gida zuwa titi. Ku kalli wannan hoton: bututun yumɓu ne, ga saiwar bishiya ta kutsa ta mahaɗa kamar gashin masara, ruwa ya tsaya a gabanta. A sama kuwa sabon fenti ne da sabbin tayil, ba abin da zai nuna maka. Haƙa wannan a sauya shi dubban daloli ne, hayar watanni da yawa ta tafi. Haka wayarin na gidajen da aka gina kafin 1940, da bututun ƙarfe da tsatsa ta cike cikinsa har ruwa ke fita da ƙyar, da na'urar ɗumama gida. A tambayi shekarar kowanne; ta na'urar tana manne a jikinta. Ka nemi jerin ayyukan da aka yi, ka duba ko an karɓi izinin hukuma kafin a yi su. Ko da tsabar kuɗi za ka saya, ka biya mai ƙiyasin daraja mai zaman kansa, domin nan ne ake gane an ɗora farashi sama da na maƙwabta.

Dokar gari ma tana cin kuɗi. Duk gidan da aka gina kafin 1978, dokar tarayya ta ce a sanar da mai saye da ɗan haya batun fenti mai gubar dalma. Cleveland ta wuce nan: tun dokar 2019 gidan haya irin wannan sai da takardar shaidar cewa dalma ba za ta cutar ba, kuma tun 2024 mai gidan da ke zaune nesa sai ya naɗa wakili a yankin wanda hukuma za ta iya kamawa da laifin gidan. Ka kuma duba taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, don inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ambaliya.

Mai kula da gida shi ne idonka da ƙafarka. La'adarsa kan kasance kashi 8 zuwa 10 na haya, kuma duk sa'ad da ya samo sabon ɗan haya yakan ɗauki rabin hayar wata ko wata guda. Ka karanta yarjejeniyar layi-layi: nawa yake ɗorawa a kan kuɗin gyara, daga dala nawa ne sai ya nemi izininka, kwana nawa za ka ba shi idan za ku rabu, akwai tara ko babu. Ka yi magana da wani kamfanin kula da gidaje na daban a garin, ka ba shi adireshin, ka ce zai karɓa? Idan ya ce shi ba ya shiga wannan titin, ka samu amsarka.

Ranar biya, kuɗi ta hannun kamfanin tantance mallaka suke bi, kuma ka sayi inshorar mallaka. 'Yan damfara kan aiko da imel mai kama da na kamfanin, da sabuwar lambar asusu. Kada ka tura ko sisi sai ka kira lambar wayar da ka samo da kanka, an karanta maka lambar asusun baki da baki.

Lokacin haraji, hayar tana shiga fom ɗin Schedule E, ana cire darajar ginin, ban da filin, kaɗan-kaɗan daga kuɗin da za a sa wa haraji a tsawon shekara 27 da rabi, kuma jihohi irin su Ohio da Indiana suna son ka cike nasu fom ɗin na wanda ba mazauni ba. Ka samu akanta tun kafin hayar farko ta shigo, ka buɗe wa gidan asusunsa shi kaɗai. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, wassalam.