Amsoshin Tambayoyinku: Richard Bona da jitar wayar birki

Wannan wasiƙa ta fito ne daga wani malamin firamare a wani ƙauye kusa da Ringim, jihar Jigawa, wanda ya ce ya ji waƙar Richard Bona a rediyo, yana kuma son sanin tarihinsa, da irin jitar nan tasa mai kaurin amo, da harshen da yake waƙa da shi.

To Malam, an haifi Richard Bona a shekarar 1967 a garin Minta na ƙasar Kamaru, a gidan da kiɗa ya zama gado, domin kakansa makaɗi ne, mahaifiyarsa kuma mawaƙiya. Da yake babu kuɗin sayen jita, sai yaron ya haɗa tasa da hannunsa, ya ɗaura mata wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Wanda ya tashi a karkara ba zai yi mamaki ba, tunda kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ma da gwangwani ake yin irinsa.

Bayan sun koma birnin Duwala, ya samu aikin kiɗa a gidan rawar wani Bafaranshe a 1980, kuma a cikin faya-fayan mai gidan ne ya ji kiɗan Ba'amurken nan Jaco Pastorius, wanda ya sa ya rungumi jitar da ake kira bes. Ita wannan jita tsirkiyarta huɗu ce ko biyar, masu kauri, kuma aikinta shi ne riƙe gindin kiɗa, kamar yadda babbar ganga ke yi wa sauran kayan kiɗa. A ganinmu, gwanintar Bona tana nan ne: yatsunsa na bin wani kari, muryarsa na bin wani dabam, ba tare da ɗaya ya ture ɗaya ba, alhali waƙoƙin ma shi yake tsara abinsa.

Yana da shekara 22 ya tafi Jamus, daga nan ya wuce Faransa, inda ya yi aiki da makaɗin Kamaru Manu Dibango da mawaƙin Mali Salif Keita, sannan ya koma New York a 1995. Kundinsa na farko ya fito a 1999.

Game da harshe kuwa, Malam, duk da daɗewarsa a Turai da Amurka, yawancin waƙoƙinsa da harshen Duwala yake rera su.