Takalmin da ke ba da wuta

Hadiza: Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga Bauchi. Yau Malam Isa ya shigo yana haki, takalmi duk ƙura.

Isa: Daga Wunti na tako har nan, ga waya a mace. Tun shekaranjiya rabonmu da wuta, wajen mai caji kuwa layi har bakin titi. Shi ne nake cewa, ina ma wannan takun nawa wuta yake bayarwa.

Bala: Ai yana iyawa. Ka san laitar da ake dannawa ta yi ƙyas? Wani ɗan ƙanƙanin dutse ne a cikinta, da an buge shi sai ya saki lantarki. Wa da ƙani ne 'yan Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano haka a 1880. Irinsa ake shimfiɗawa ƙarƙashin dunduniya, duk inda ka taka ka matse shi.

Hadiza: To me muke jira? A kai wa masu ɗinkin takalmi na kasuwar Muda Lawal mana.

Bala: A hankali dai, Hajiya. Masana a jami'ar MIT ta Amurka sun gwada, suka fitar da sakamako a 2001. Wajen miliwat 8 dunduniyar ta bayar, wato kashi takwas cikin dubu na wat ɗaya na wuta. Batirin waya mai lamba 4000 zai ci awa kusan 1,800 ana tafiya kafin ya cika.

Isa: Awa nawa?

Bala: Wata biyu da rabi, ba barci ba salla.

Isa: Ashe sai na je Makka da ƙafa kamar kakanninmu, na dawo, sannan in kira maiɗakina!

Hadiza: Ba a iya ƙara masa ƙarfi?

Bala: An sa ɗan janareto a diddige, ya ba da wuta sosai fiye da dutsen. Amma ƙarfin daga ina yake zuwa? Daga cinyarka. Takalmi ya yi nauyi, ka ji kamar a rairayi kake tafiya, tuwon dare ne zai biya kuɗin wutar.

Hadiza: Ni kuwa makiyayi nake tunani. Ya wuni yana bin shanu, da dare ɗan ƙwan fitila kawai yake so ya haska gabansa saboda maciji.

Bala: Wannan kam zai yiwu, in an tara wutar wunin a ƙaramin batiri. Sai dai a tambayi damina, don laka da ruwa ba sa shiri da wayoyi.

Isa: Hajiya, kafin nan ara mini cajarki.