Sharhi: Tsohuwar kwamfuta, manhajar kyauta da shagon gem a Maraɗi

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Ran Talatar da ta wuce na leƙa shagon wani ɗan wana da ke kan hanyar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, inda yake buga wa ɗalibai takardu da fotokofi. Na tarar ya tasa wata tsohuwar kwamfutar cinya gaba, ya zuba tagumi. Na ce, "Lafiya dai, ɗana?" Ya ce, "Baba, an ce wannan ta tsufa, sabuwar Windows ba ta hawanta. Wani abokina kuma ya ce in goge komai in zuba Linux, wai kyauta ce." Kafin in buɗe baki ƙanensa ya tsoma nasa, shi damuwarsa daban: ya tara ƴan kuɗi yana son buɗe shagon gem, bai san ko PlayStation zai saya ko kwamfuta ba. Tambayoyin nan biyu na zo da su yau, don na lura amsarsu wuri ɗaya take komawa.

Abin da aka gaya wa yaron gaskiya ne. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Ita kuma Windows 11 tana da sharuɗɗa, ciki har da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar da ba ta tsufa sosai ba. Mafi yawan kwamfutocin da ke shigo mana na hannu ne, an gama cin moriyarsu a Turai ko Amurka kafin su biyo ta Kwatano ko Legas da Kano su iso nan. Da yawansu ba su cika sharuɗɗan ba, ga su kuwa garas, suna aiki.

Ita Linux ɗin da aka ce masa, manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe. To mece ce wannan? Ku ɗauki mai kilishi. Wani yana sayar maka ka ci, amma haɗin labunsa sirri ne, ko yaron shagonsa bai sani ba. Wani kuwa zai ba ka kilishin, ya kuma zayyana maka tunkuza kaza, citta kaza, kanumfari kaza, ya ce je ka yi naka, in ka inganta ka gaya wa jama'a. Windows da Word irin na farko ne. Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma a 1991, irin ta biyu ce. Haka LibreOffice mai aikin rubutu da lissafi, haka Firefox, haka VLC ɗin nan mai hoton mazugi ruwan lemu da kowa ke kallon fim da ita, wadda ɗalibai suka ƙirƙira a wata makarantar injiniyoyi a Faransa. Kai, wayar Android da ke aljihunka ma a kan Linux aka gina ta. Mun daɗe muna cin wannan tuwo, sunansa ne ba mu sani ba.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. In Bature ya ce Linux kyauta ce, yana kwatanta ta da Windows da ya biya kuɗi ya saya. Mu nan wa ya taɓa saya? Ka kai kwamfuta wurin mai gyara, ka ba shi jika ɗaya ko biyu, ya zuba maka Windows da Word da Photoshop, duk na bayan fage. Saboda haka maganar kyauta ba ta girgiza kowa a Maraɗi. Amfanin da ya shafe mu yana wani wuri.

Na ɗaya, tsohuwar na'ura tana samun sabon numfashi. Kwamfutar da Windows ta yi wa nauyi, kana kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba, in aka zuba mata Linux Mint ko wani nau'in Ubuntu marar nauyi, duk ire-iren Linux ne, sai ka ga ta warware. Na biyu kuwa, kuma shi ya fi damun mai shago irin na ɗana, shi ne cutar da kile, wato ɗan abin USB na ajiyar takardu, ke yaɗawa. Ɗalibi talatin za su zo a wuni, kowa da kilensa, an cusa shi a kwamfuta goma kafin taka. Wanda ya taɓa buɗe kile ya tarar duk takardunsa sun ɓace, sai wasu ƴan kibiyoyi a madadinsu, ya san zafin abin. Irin waɗannan ƙwayoyin don Windows aka yi su, a Linux ba su da wurin kama. Ita kuma manhajar bayan fage, ba ka san abin da wanda ya fasa ta ya cusa a ciki ba.

Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ba ka biya da kuɗi ba, za ka biya da lokaci da haƙuri. Ɗalibi zai kawo kundin kammala karatunsa mai shafi tamanin da ya tsara a Word, ka buɗe a LibreOffice, ka tarar jadawali ya goce, kan babi ya sauko tsakiyar shafi, tamanin ta koma tamanin da uku, sau da yawa don kawai salon haruffan da ya yi amfani da su, irin su Calibri, babu su a taka na'urar. Gobe da safe zai miƙa wa malaminsa. Me za ka ce masa? Akwai dabara: a ce kowa ya mai da takardarsa PDF kafin ya kawo bugu, ita ba ta motsi. Amma wanda ya zo a gyara masa rubutu fa? Sai kuma injin bugu. Wani kana jona shi Linux ta gane shi nan take, wani kuma, musamman manyan injinan fotokofi na hannu, sai ka kwana kana neman abin da zai haɗa su. Masu zanen alluna da katin biki, waɗanda hannunsu ya saba da Photoshop da CorelDraw, akwai GIMP da Inkscape a madadinsu, amma sai sun koma ɗalibai. Yarinyar da ta gama lakkol take neman aikin sakatariya, Word da Excel za a tambaye ta.

Babbar matsalar kuwa ita ce wa zai gyara. Windows ta rikice, daga Babbar Kasuwa zuwa unguwar Zariya ba za ka rasa mai duba maka ba. Linux ta rikice, mai gyara zai ɗaga kai ya kalle ka, ya ce, "Alhaji, a goge a mai da Windows kawai." Ba laifinsa ba ne, abin da ya koya ke nan.

Ko a Turai an ga fuska biyu. Jandarmomin Faransa sun bi abin sannu a hankali: suka fara sauya manhajar rubutu a 2005, sannan ta shiga intanet, sai daga 2008 suka soma komawa Ubuntu, har dubban kwamfutocinsu suka koma kanta. Birnin Munik na Jamus kuwa ya kwashe shekaru yana aiki da Linux, amma a 2017 majalisarsa ta ƙada ƙuri'ar komawa Windows. Abin da na ɗauka daga jandarmomin shi na gaya wa ɗana: LibreOffice da Firefox suna aiki a kan Windows ma, ka fara da su. Linux kuma ana iya kunna ta daga kile a gwada ba tare da an goge komai ba.

Yanzu ga mai shagon gem. Ku shiga ɗaya daga cikin shagunan nan bayan la'asar. Benci biyu, talabijin uku, fanka tana ta juya iska mai zafi, yara sun yi layi kowa da dala ashirin a tafin hannu yana jiran a ci wani ya karɓi manet, abin riƙewa a sarrafa wasa. Ƙwallo suke bugawa, ba wani abu ba. Har yanzu FIFA suke cewa, ko da yake tun 2023 sunan ya koma EA Sports FC, kamar yadda PES ta koma eFootball a 2021. Wannan kaɗai ya yanke rabin hukunci, don wasan ƙwallon na EA a kwamfuta yana da wata manhajar hana maguɗi da ba ta yarda da Linux, haka ma Fortnite da Valorant. Mai shagon da ya ce zai haɗa kwamfuta da Linux don tsimi, yara za su tsallaka shagon maƙwabcinsa.

Kada a ce Linux ba ta wasa. Kamfanin Valve ya fitar da Steam Deck a 2022, na'urar hannu ce mai aiki da Linux, kuma dubban wasannin da aka yi don Windows suna tafiya a kanta. Abin da ya fi burge ni da ita, cajarta wat 45 ce kacal, ƙaramin faifan sola ya ishe ta. Sai dai kamfanin ba ya sayar da ita kai tsaye a ƙasashenmu, sai ta hannun ɗan kasuwa, in allonta ya fashe kuma sai addu'a. Ga wanda zai yi wasa shi kaɗai a ɗaki ta yi. Shago kuwa, yara huɗu ba sa taruwa a kan allo mai faɗin tafin hannu biyu.

Lissafin kuran, wato wutar lantarki, shi ne wanda matasa ke mantawa. PS4, wato PlayStation 4, wadda ta fito a 2013, tana cin wat ɗari da wani abu, ƙaramarta ta 2016 ma ba ta kai haka ba. PS5 ta 2020 tana kaiwa wajen 200 in wasa ya yi zafi. Babbar kwamfutar wasa kuwa, katin hotonta kaɗai yana iya cin 200 zuwa 300. Ka ninka da na'ura huɗu, ka ƙara talabijin da fanka, sannan ka tuna man gurup, wato janareta. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar bayan juyin mulki, aka yi watanni ana fama. Wanda ya rayu a wannan lokaci bai kamata ya sayi na'ura bai tambayi cinta ba. Kuma ɗaukewa da dawowar kuran ba zato sun fi komai kashe waɗannan kaya, don haka kuɗin na'urar daidaita wuta yana cikin jari tun ranar farko.

Sai mega. Sabon wasa guda yana iya haura giga 50, bayan haka kuma kowane ɗan lokaci sai ya nemi sabuntawa. Akwai PS5 da ba ta da wurin saka faifai sam, ta fi araha, amma duk wasa sai ka sauko da shi ta intanet ka biya da katin banki, ba ka iya aro, ba ka iya sayar da tsoho. Araha ba ta ado. Ni dai a Maraɗi ba zan ba kowa shawarar sayenta ba.

Sai ƙura da zafi. Hunturu ya cika cikin na'ura da ƙura, watan Afrilu ya zo ya same ta a toshe, fankarta ta dinga ƙugi kamar injin niƙa, daga nan ta soma kashe kanta tsakiyar wasa. A nan ne tsohuwa ta fi sabuwa: PS4 masu gyara sun buɗe ta sun san hanjinta, kayanta suna samuwa a Kano, manet ɗinta ba wuyar samu. Manet kuwa ita ce ainihin abin da shago ke ci, don yaron da aka zura wa ƙwallo a minti na tasa'in ba ya tausayin roba. Kwamfuta tana da nata alheri, ana canza mata kaya ɗaya bayan ɗaya, da safe a buga takardu da ita, da yamma a yi wasa. Amma tana son mai ita ya iya kwance ta da kansa.

A bakin ƙofar shagon kuma za ka ga wasu yaran zaune a ƙasa sun duƙufa kan waya suna Free Fire, ba su biya kowa ko dala ba. Wannan ma mai shirin zuba jari ya sa shi a lissafi.

Jiya na sake bi ta wurin ƴaƴan nawa. Babban ya bar Windows a kwamfutar da ke jone da injin bugu, tsohuwar kuma ya zuba mata Linux Mint ya ajiye ta bakin ƙofa, duk wanda ya zo da kile nan ake fara cusa shi. Ya ce kwana biyu ya yi yana neman inda ƙ da ɗ da ɓ suke a madannai kafin ya gano. Ƙaramin ya sayi PS4 biyu na hannu da manet shida, ragowar kuɗin ya ce na batir ne. Na tambaye shi PS5 fa? Ya ce, "Baba, sai bayan damina."

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.