Amsoshin Tambayoyinku: Ciwon Damuwa da Tsoron Bakin Mutane

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Saƙonninku na wannan makon kusan duk a kan lafiyar ƙwaƙwalwa suke, kuma mafi yawa sun roƙi a sakaya sunansu. Mun sakaya.

Wata baiwar Allah ta rubuto cewa: "Watanni ke nan ba na barcin kirki, komai ya fita raina, sai in kama kuka ba gaira ba dalili. Na faɗa wa yayata, ta ce rashin godiyar Allah ne. Shin haukacewa zan yi?"

'Yar'uwa, sannu. Abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon damuwa, kodayake likita ne kaɗai zai tabbatar bayan ya zauna da ke. Abin da suke dubawa shi ne baƙin ciki ko rashin sha'awar komai da ya kai mako 2 yana cin mutum kusan kullum, tare da sauyin barci ko cin abinci, kasala, da jin kamar ba ka da amfani. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kimanin miliyan 280 kuma ciwon damuwa ne. Cikinsu akwai malamai da likitoci da iyaye mata da ke tashi su shirya yara makaranta da murmushi, su koma ɗaki su rufe ƙofa su yi kukansu.

Maganar yayarki ta yi min zafi, domin irinta ce ke sa mutum ya ja bakinsa ya yi shiru shekara da shekaru. Ina kyautata zaton ba da mugunta ta faɗa ba, abin ne ba ta sani ba. Ba dole sai kowa ya ji ba. Zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, ki ce masa: "Ba ni da lafiya, raka ni asibiti." A gaban likita kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗi komai, har abin da kike jin nauyinsa. Addu'arki ki riƙe ta, neman magani ba ya hana ta.

Wani kuma yana tambaya ko gaskiya ne wanda ya fara shan maganin ba ya rabuwa da shi. Malam, ba haka ba ne. Yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma galibi ana ci gaba da shi aƙalla wata 6 bayan an warware, sannan likita ya riƙa ragewa sannu a hankali. Kada dai a yanke shi lokaci guda. Wasu ma zaman tattaunawa da ƙwararre kaɗai ke wadatar da su.

Saƙo na uku daga wata uwa ne. Ɗanta ya daina fita, ya ce mata da ma bai zo duniya ba, ita kuma tana tsoron ta tambaye shi kar ta saka masa wani tunani.

Mama, ki tambaye shi yau, kada ki bari sai gobe. Bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin kashe kansa, sau da yawa ma sauƙi yake ji don an saurare shi. Zauna kusa da shi, ajiye faɗa da wa'azi, ki ce: "Ɗana, kana tunanin cutar da kanka ne?" In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da magunguna da guba da duk wani makami daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ko da dare ne. Sama da mutum 700,000 ake rasawa ta wannan hanya duk shekara, kuma da yawansu sun furta irin maganar da ɗanki ya furta.

Mama, ki sake rubuto mana mu ji yadda ake ciki. Sauran saƙonnin sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.