Lacca: Yadda ake auna ƙarafan da ke ɓoye cikin dutse da nutron

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, sannunku da zuwa.

A wuraren haƙar ma'adinai da yawa, zinariyar da ke cikin tan guda na dutse ba ta wuce giram ɗaya ko biyu. Ido ba ya ganinta. To ta yaya za a san tana nan, kuma nawa ce?

Hanyar da za mu tattauna a kanta, George de Hevesy da Hilde Levi ne suka fara ta a Kopenhagen a 1936, shekara 4 bayan an gano nutron, wata 'yar ƙwaya marar cajin lantarki da ke tsakiyar ƙwayar zarra. Ana niƙa dutsen ya zama gari, a ɗebi abin da bai kai giram ɗaya ba, a rufe cikin 'yar kwalbar roba, a tura cikin riyaktar nukiliya inda nutron ke zuba a kansa. Ƙwayar zarra ta zinariya mai nauyi 197 in ta haɗiyi nutron ɗaya sai ta koma 198, ta rasa natsuwa, ta dinga fitar da hasken gamma, wanda ido ba ya gani, mai ƙarfin kilo-ilektron-bolt 412 (ma'aunin ƙarfin hasken ke nan). Asenik nasa 559 ne. Kowane ƙarfe da nasa lambar, na'urar auna gamma da aka yi da sinadarin jamaniyam kuma tana tantance su. Ana saka wani gari da aka san adadin abin da ke cikinsa tare da samfurin, a gwama su.

Ku lura, ba a narkar da dutsen da asid ba. Wannan ne ya sa nake ƙaunar hanyar: babu ruwan sinadari da zai shigo da datti, babu abin da zai maƙale a gindin kwalba.

Sai haƙuri. Da an fito da samfurin, sodiyam ne ke cika wurin da ƙara, kamar mai ihu a cikin masu raɗa. Amma rabin ƙarfinsa yana tafiya duk bayan awa 15, na zinariya kuwa sai kwana 2.7. Shi ya sa ake ajiye samfurin 'yan kwanaki kafin a auna. Aluminiyam kuwa minti biyu da ɗan kai ne, dole a yi gaggawa.

Da wannan hanya ce Luis Alvarez da ɗansa Walter, tare da Frank Asaro da Helen Michel, suka gano iridiyam mai yawa (ƙarfe ne da yake ƙaranci a ɓawon duniya amma ya fi yawa a duwatsun sararin samaniya) a wani siririn yumɓu a Gubbio ta Italiya, suka bayyana a 1980 cewa dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya lokacin da dabbobin dainoso, manyan dabbobi masu kama da ƙadangaru na zamanin da, suka ƙare.

Tana da iyaka. Dalma ba ta aunuwa sosai da ita, kuma sai an sami riyakta. Abin da ya fi damuna shi ne ɗibar samfuri. Zinariya ba ta bazuwa daidai cikin dutse, ɗigo-ɗigo take zama. Ɗigo ɗaya ya faɗa cikin kwalbarka, sai sakamako ya ce an dace. Ya kuskure, sai ya ce babu komai. Don Allah ɗalibai, ku niƙa da kyau, ku gauraya, ku ɗiba daga wurare daban-daban, ku maimaita awon kafin ku sa hannu a rahoto.

Yanzu sai tambayoyi.